Yadda Sabon Direba Zai Bi Hanyar Ƙauye Daga Tahoua Zuwa Masallacin Yama

Mutane da yawa a Tahoua sun iya tuƙi a cikin gari, sun saba da kwalta da cunkoson ƴan kabu-kabu, amma ranar da aka ce su sauka daga kwalta su bi hanyar ƙauye sai gabansu ya faɗi. Waɗansu kuma, kuma su ne suka fi ba ni tsoro, sukan ɗauka cewa tunda motar kat-kat ce, wato mai jan ƙafa huɗu, babu inda ba za ta shiga ba. Wanda yake son ya koyi wannan tuƙi bai kamata ya fara da hanyar Agadas ko dajin Azawak ba. Abin da ya dace da shi shi ne gajeriyar tafiya wadda za a fita da safe a dawo kafin magariba, wadda kuma a ƙarshenta akwai abin da ya cancanci a je a gani.

Masallacin Juma'a na Yama, a ƙaramar hukumar Badagishiri ta gundumar Illela, irin wannan wuri ne. Wani magini ɗan garin, Falke Barmu, wanda manomi ne kamar sauran jama'arsa, shi ne ya jagoranci gininsa a shekarar 1962, mutanen gari kuma suka kama aiki, masu yin tubali na yi, masu ɗebo ruwa na ɗebowa, masu kawo itace na kawowa. Daga baya aka sake rufinsa da bakan gizo da tulluwa, aka tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyinsa, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A shekarar 1986 ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine. Ginin ƙasa ne tun daga tushe har sama, kuma wannan yana da alaƙa da yadda direba zai iso wurin, kamar yadda za a gani a gaba.

Zaɓen rana

Tafiyar farko a yi ta tsakanin watan Nuwamba da Fabrairu, bayan an gama girbi, ƙasa ta bushe, zafi kuma bai taso ba. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ba lokacin ɗan koyo ba ce, domin ƙoramun Adar, wato ƙasar da Tahoua da Yama suke ciki, suna cika cikin ɗan lokaci, laka kuma tana ɓoye ramuka. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce maki 40, rairayi yana yin laushi ƙwarai, injin da aka matsa wa kuma ba ya jimawa yake tafasa. Ko a lokacin hunturu, idan gari ya waye da hazo mai kauri har ba a hango nesa, gara a ɗaga tafiyar zuwa wata rana.

Batun tsaro ba abin da za a yi wasa da shi ba ne. Tun shekarar 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tilliya da Tasara da ke arewacin jihar Tahoua, kuma halin hanyoyi yana canzawa daga mako zuwa mako. Saboda haka kafin ka tashi, ka tambayi jandarmomi da direbobin tasha halin da yankin yake ciki, ka shaida wa wani a gida inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa, kuma kada ka bari dare ya riske ka a waje. Ka tafi da lasisinka da takardun mota cikakku, domin akwai shingayen bincike a kan babban titi.

Abin da za a duba da abin da za a ɗauka

Ba dole ba ne sai da Land Cruiser. Hilux ko kowace mota mai jan ƙafa huɗu wadda cikinta ya ɗaga daga ƙasa da kimanin santimita 20 za ta wadatar a lokacin rani. Kwana ɗaya kafin tafiya ka duba man inji da ruwan lagireto da man birki, ka tabbatar batir yana ɗaure da kyau, domin girgizar hanya tana kwance abin da kwalta ba ta taɓa kwancewa ba. Ka sauke tayar safaya ka auna iskarta da kanka. Sau da yawa sai an yi faci a daji ake gano cewa safayar ta fi wadda ta fashe lalacewa. Sannan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar, ka ga abin da ya fi kusa da ƙasa. Galibi ƙullin ƙarfen nan ne da ke tsakanin ƙafafun baya, ko kuma kaskon man inji a gaba. Ka riƙe a ranka ko ta wane gefe suke, saboda su ne za ka riƙa kaucar da su daga duwatsu.

Kayan da ba a barin su a gida su ne shebur, da jak wanda wasu ke kira kirik, da katako mai kauri da za a ɗora jak ɗin a kai, da igiyar ja mai ƙarfi, da ma'aunin iskar taya, da famfon iska mai aiki da batirin mota. Ruwan sha kada ya gaza lita 5 ga kowane mutum, a ƙara da jarka guda saboda lagireto. Ka cika tanki tun daga Tahoua. Dukan kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa a ɗaure, kada a jibge su a saman mota, domin nauyin sama shi ne yake kifar da mota a gangare. In da hali a tafi da motoci biyu. In babu, idan ka isa Badagishiri ta titin da ya nufi Ƙonni, ka nemi ɗan gari wanda ya san hanya ya shiga gaba tare da kai, ka biya shi hakkinsa. Taswirar waya ba ta san inda ruwan bana ya zaizaye ba, shi kuwa ya sani.

Sauka daga kwalta

Da zarar ka bar kwalta, ka sami wuri mai tauri ka tsaya, domin a nan ne ake yin aikin da ya fi kowane amfani, wato rage iskar taya. Yawancin waɗannan motoci suna tafiya a kwalta da iska tsakanin bar 2.2 da 2.5, ma'aunin da masu faci ke kira kilo, kuma adadin da ya dace da motarka yana rubuce a jikin ƙofar direba. A kan burji da tsakuwa, ragewa zuwa wajen 1.8 tana sa taya ta lanƙwashe a kan dutse maimakon dutsen ya huda ta, tana kuma rage jijjiga. A rairayi mai zurfi ana iya sauka zuwa 1.5 ko 1.2. Dalili shi ne, idan iska ta ragu, sawun taya a ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin mota ya bazu, kamar yadda tafin raƙumi yake baje kansa a kan yashi. Amma ɗan koyo kada ya sauka ƙasa da bar 1, saboda taya tana iya zamewa daga ƙarfenta a kwana, kuma muddin iska tana ƙasa, gudu ya haramta, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi da sauri.

Bayan haka sai giyar ƙafa huɗu. A jikin ƙaramin sandan giya ko maɓallin za ka ga 2H da 4H da 4L. Na farko na kwalta ne, ƙafafun baya kaɗai ke ja. Na biyu yana haɗa gaba da baya, shi ne na burji da rairayi marar zurfi, kuma da shi za ka yi mafi yawan tafiyar. Na uku yana rage gudu ya ninka ƙarfin ja sau biyu ko fiye, shi ne na hawan dutse da gangare mai tsauri da fita daga inda aka kafe. Kafin ka sa 4L dole ne mota ta tsaya cik, ka fitar da babbar giya ta koma N, sannan ka sauya. Idan motarka tsohuwar ƙira ce mai makulli a tsakiyar ƙafafun gaba, sai ka sauka ka murɗa su duka biyu zuwa wurin kullewa, in ba haka ba fitilar kat-kat za ta kama amma ƙafafun gaba ba sa jan komai. Na taɓa ganin mutum ya shafe rabin awa yana haƙa a ƙarƙashin motarsa alhali wannan ɗan murɗi kaɗai ya manta.

Gyara zamanka ya ɗan fi na cikin gari miƙewa yadda za ka ga ƙasan da ke gaban mota, kowa ya ɗaura bel, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, manyan yatsunka kuma su kwanta a bayan da'irar, kada ka cusa su ciki. Idan taya ta bugi dutse, sitiyari yana fizgewa da ƙarfin da zai iya targaɗa yatsa.

Gargada da duwatsu

Ƙasar Adar ƙasar tudu da dutse ce, shi ya sa ake cewa Adar Dutsi, kuma hanyoyin ƙauyukanta sukan haɗa jan burji da baƙin dutse da rairayin kwari a cikin tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A kan burji abin da za ka fara gamuwa da shi shi ne gargada, ƙananan kunyoyin nan da suke sa haƙoran mutum kaɗawa. Direbobin tasha za su ce maka ka taka wuta, mota za ta bi ta samansu ta daina jijjiga. Gaskiya ne jijjigar tana raguwa, amma tana raguwa ne saboda tayoyin ba sa taɓa ƙasa sosai, wato birki da sitiyari ma sun rage kamawa. A ganina wannan dabara ba ta sabon direba ba ce. Ka riƙe gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa, ka jure jijjigar, ka rage gudu tun kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Idan wata mota tana gabanka, ka bar ƙurarta ta lafa kafin ka bi, ka kuma kunna fitilu ko da rana ce.

A wurin duwatsu ka koma giya ta ɗaya, in wurin ya yi tsanani ka sa 4L, ka bar motar ta yi rarrafe da kanta ba tare da ka riƙa wasa da kulochi ba, domin rabin taka kulochi shi ne yake ƙona shi. Babban dutsen da ba za a iya kauce masa ba, a ɗora taya a kansa, kada a bar shi ya shiga tsakanin ƙafafu ya bugi cikin mota. Ka kula da gefen taya, wanda ya fi ko'ina rauni, kada ya gogi dutse mai kaifi. Inda ba ka ganin abin da ke gaba, ka sauka ka taka da ƙafa, ko abokin tafiya ya tsaya gaba yana nuna maka da hannu, kuma mutum ɗaya kaɗai za ka saurara, ba duk wanda ke cikin mota ba.

Tudu ana hawansa a miƙe, ana saukarsa a miƙe. Kada ka taɓa gitta gangare a kaikaice, kada kuma ka yi ƙoƙarin juya mota a tsakiyarsa. Ka zaɓi giyar da za ta kai ka sama tun daga ƙasa, ka sassauta totur dab da ƙololuwa saboda ba ka san ko amalanke na tahowa ta ɗaya gefen ba. Idan motar ta kasa hawa, ka taka birki, ka sa giyar baya, ka sauko a miƙe inji yana riƙe da ita. Wajen sauka kuwa giya ta ɗaya a 4L ta fi birki aminci, kuma ƙafarka ta nisanci kulochi, domin da zarar ka taka shi motar ta kuɓuce. Ƙaramin kwazazzabo da ruwa ya yanka a hanya shi kaɗai ne ake tsallakawa a ɗan karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.

Rairayin ƙorama

Nan ne mafi yawan sababbin direbobi suke kafewa, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa. Ƙorama busasshiya tana da kyau a ido, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, amma tana iya haɗiye taya har rabi. Kafin ka shiga, ka tsaya a kan ƙasa mai tauri, ka sauka ka duba ta inda sawun motoci ya shiga da ta inda ya fita, ka lura ko gaɓar fita tana da tsayi. In rairayin yana nutsar da ƙafarka har idon sawu, ka ƙara rage iska. Idan motarka ta zamani ce mai na'urar hana taya sulɓi, ka kashe ta, domin a rairayi takan yanke ƙarfin inji daidai lokacin da ake bukatarsa.

Ka shiga da giya ta biyu a 4H, ko ta uku a 4L, da matsakaicin gudu wanda ba zai canza ba har ka fita. Ka bi sawun da ke nan, saboda waɗanda suka riga ka sun danne shi. Abubuwa uku ne ke kafe mota a rairayi: canza giya a tsakiya, murɗa sitiyari da ƙarfi, da taka birki. Kowane ɗaya daga cikinsu yana sa yashi ya taru a gaban taya ya zama ganuwa. In dole ne ka tsaya, ka ɗaga ƙafa daga totur kawai, rairayin zai tsayar da motar da kansa. Da sassafe yashi ya fi riƙe mota fiye da tsakar rana, wannan ma yana cikin dalilan fita da wuri.

Idan ka ji motar ta daina gaba tayoyi kuma suna juyawa, ka ɗaga ƙafa nan take. Duk ƙarin wutar da za ka ba ta kabari take haƙa wa kanta. Ni kaina na koyi wannan ne a wata ƙorama inda na yi ta danna totur har cikin motar ya zauna a kan yashi, abin da zai ɗauki minti biyar ya cinye mana awa biyu, sai da samarin ƙauye suka bar aikinsu suka zo suka tura. Da farko ka gwada komawa baya a hankali a kan sawunka. In ta ƙi, kowa ya sauka, a rage iska zuwa 1.2, a miƙar da ƙafafun gaba, a kwashe yashin da ke gaban tayoyi huɗu da wanda ke ƙarƙashin mota, a yi wa kowace taya gangare mai sauƙi. A shimfiɗa katako ko tabarmin ƙafa na mota ko busassun rassa, sannan a tashi a 4L da ɗan totur kaɗan. Idan ta zauna ƙwarai, a ɗaga kowace taya da jak bisa katako a cike ramin da ke ƙarƙashinta. Idan wata mota ce za ta ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi domin ja a jikin ƙashin motar, ba a bamba ba, ba kuma a dunƙulen ƙarfen jan tirela ba, saboda yana iya karyewa ya tashi kamar harsashi. Jama'a su ja da baya nesa da igiyar, musamman yara, waɗanda ba a rasa su a irin wannan wuri.

Ƙorama mai gudu da ruwa kuwa hukuncinta ɗaya ne, a jira. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, wanda ya kai 60 yana iya ɗaukar kat-kat. A Adar ruwan na iya saukowa daga tudu alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba, don haka ko hutawa ba a yi a cikin ƙorama idan akwai hadari a sama.

Hanyar ta masu ita ce

Waɗannan hanyoyi ba domin mota aka yi su ba. Na masu jakuna ne da amalanke da mata masu ɗauke da itace da makiyaya masu bin burtali. Idan ka haɗu da garke, ka tsaya ya wuce, kada ka danna oda ka watsa wa makiyayi dabbobinsa. Kada ka bar sawun hanya ka yanki gona don guje wa rami, ko da an yi girbi. A yankin Illela da Badagishiri manoma sun shafe shekaru suna farfaɗo da ƙasar da ta mutu ta hanyar haƙa ramukan shuka da ake kira tassa da rabin wata da jera duwatsu domin tare ruwa, kuma taya ɗaya tana iya rushe aikin yini guda. Barin hanya yana da wata illar ga mai motar kansa, domin ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna huda taya, busasshiyar ciyawa kuma idan ta taɓa salansa mai zafi tana iya tayar da gobarar daji. Saboda haka ko tsayawa za ka yi, ka nemi fili marar ciyawa.

Idan ka shigo gari, ka rage gudu zuwa na mai tafiya da ƙafa, don kada ka tayar wa mutane ƙura a kan abincinsu da shanyarsu. Ka ajiye motar nesa da masallaci ka kashe inji, ka ƙarasa da ƙafa. Katangar ƙasa ba ta son a goge ta, lungunan da ke kewaye da ita kuma ba a auna su da faɗin mota ba, kuma ɗan kuskure wajen juyawa zai iya ɓantare yaɓen da jama'a suka taru suka yi. Ka fara da gaida mai gari da liman, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Tahoua, mun zo ganin masallaci," ka jira a haɗa ka da wanda zai zagaya da kai. A cire takalmi, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, na mutane musamman, kuma in ranar Juma'a ce a bari sai an sauko daga salla. Wanda ya sa wani abu a asusun gyaran masallaci ya kyauta.

Komawa

Ka juyo da la'asar sakaliya yadda za ka hau kwalta da sauran rana, ka kuma tuna cewa gangaren da ka sauka da safe yanzu hawa ne, gaɓar ƙoramar da ka faɗa cikinta da sauƙi yanzu ita za ka haura. A bakin kwalta ka tsaya ka mayar da giya 2H, ka buɗe makullan ƙafafun gaba in akwai su. Motar da ba a ƙera ta domin jan ƙafa huɗu a kowane lokaci ba, idan aka bar ta a 4H a kan kwalta, ƙarfen da ke haɗa gaba da baya yana ɗaurewa a kwana, tayoyi su ci, akwatin giya ya wahala. In sandan ya ƙi fita, ka yi baya ƴan mitoci a miƙe, zai saki. Ka mayar da iskar tayoyi yadda take tun farko, in kuwa famfonka ya gaza, ka tafi a hankali ƙwarai har wurin mai faci na farko. Ka zagaya motar ka duba gefen kowace taya ko akwai yanka ko kumburi, ka leƙa ƙasa ko mai yana ɗiga, ka cire ciyawar da ta maƙale kusa da salansa. Washegari ka buɗe matatar iska ka kakkaɓe ƙurar da ta sha, ka sake auna tayoyin da safe suna sanyi, domin ƙayar aduwa takan kwana a cikin taya kafin iska ta fara sauka.